Manyan Ƙwai Daga Kanti

"Manya, matsakaita ko ƙanana?" Abin da mai kanti ke fara tambayata ke nan duk ranar da na je cefanen ƙwai a Ƙaura Namoda. Kiret-kiret a jere, kowanne da ajinsa. Ƙananan na kajin da suka fara ƙwai ne, manyan na waɗanda suka kwana biyu, masu tsagewa kuwa an ware wa masu shayi. Na san wannan sarai, amma ka yarda da ni, har yau sai na ɗan yi jim kafin in amsa, saboda kakata.

A ƙauyenmu, can bayan Birnin Tsaba, ita ce mai kaji da zabi. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta ɗau ƙamshi, zabi za su fara ɓoye ƙwai cikin ciyawa. Ba ta ɗauka da hannu, sai da ludayi, wai kada zabuwa ta ji warin mutum ta canza gurbi, kuma dole ta bar mata guda. A gida ta zuba su cikin ƙwaryar ruwa: wanda ya nutse lafiyayye, wanda ya taso ya tafi bola. Girma bai dame ta ba. Ita kashi uku take yi: na kasuwa, na maijego da marar lafiya, sai na kwanci, wanda take sa wa kaza. In ƙwan ya kwana biyu a ƙarƙashin kazar, sai ta dunƙule hannu ta ɗaga shi saitin rana, ta ga jijiyoyin jini kamar saiwar gero. Ni kuwa aikina ci ne. Takan ce, "Maigidana, kai dai ba ka aje komi ba sai baki."

Na girma, na samu aikin koyarwa a Ƙaura. Sai shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Aka kawo mini ita a bayan babur da ƙullin kaya guda, ko kaza ɗaya ba ta fito da ita ba. Ta daina tsokanata, ta daina cin abin kirki. Ta wuni a bakin ƙofar ɗaki, hannuwa a cinya, matar da ban taɓa gani zaune haka kawai ba.

Don in faranta mata, na sayo kiret guda na manyan, na ajiye a gabanta. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta auna a tafin hannu, fuskarta ta washe.

"Kai! Wace irin kaza ta yi wanga?"

Na yi dariya, na ce a dafa mata, na wuce makaranta ina jin na yi abin kai. Ashe ba ta ci ko ɗaya ba. Ta zaɓi mafi kyau, ta roƙi maƙwabciyarmu aron kaza mai kwanci, ta gyara mata gurbi a bayan ɗakin girki. Matata ta gani, amma ganin tsohuwa ta fara tashi da sassafe, tana cin tuwo, har tana waƙa ƙasa-ƙasa, sai ta kasa cewa komai. Ni ma na ga canjin, na ɗauka ƙwan da take ci ne ya karɓe ta.

Wata ranar Asabar da hantsi ta kira ni bayan ɗakin. Idonta ya riga ya yi rauni. Ta miƙo mini ƙwai mai ɗumi.

"Maigidana, ɗaga shi ga rana. Mi kag gani ciki?"

Na ɗaga. Fayau yake, babu jijiya, babu inuwa. Na ɗaga na biyu, na uku. Na durƙusa na gaya mata cewa waɗannan daga gidan gona suke, kajin can a keji suke rayuwa, ba su taɓa ganin zakara ba. Ƙwan ci ne kawai, ko shekara kaza ta yi a kansa ba abin da zai fito.

Ta karɓi ƙwan, ta sake auna shi a tafin hannu. Sannan ta ce, "Duk girman nan, babu kowa ciki?"

Na ce babu.

Na kwashe ƙwan, amma kazar ta ƙi tashi, ta koma ta lafe a kan gurbin da ba komai. Na kai hannu zan kore ta, kakata ta riƙe ni.

"Ƙyale ta. Ba ta san an watse ba."

Ranar kasuwar Shinkafi na sa aka sayo mata ƙwan zabi na gaske. Ta yi godiya, ta ce a dafa wa yara. Ba ta kai lokacin girbi ba, Allah ya jiƙanta.

Yanzu 'ya'yana sun iya zaɓen ƙwai fiye da ni, sun san wanda ya dace da cincin da wanda ya dace da shayi. Ƙauyen kuwa har yau ba mai kwana a cikinsa. Wani ɗan'uwanmu da ya leƙa bara ya ce ciyawa ta rufe tsakar gidanmu, zabinta sun koma na daji, sun yi yawa, suna ganin mutum sai su tashi.