Malama Suwaiba da Shayin Ƙofar Gidan Sama'ila

Kafin rana ta ɗaga, Malama Suwaiba ta riga ta durƙusa gefen rijiyar gidanta a Bungudu, gaban wata ciyawa da ta shuka da hannunta. Ciyawa ce mai mugun ƙaiƙayi, in ta goge ka sai ka wuni kana susa. Sai ta cusa hannu cikin leda ta tsinki ganyen, ta baza a faifai cikin inuwa, sannan ta yafa mayafi ta hau acaɓa zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Kekun Waje. Aikinta a can awon hawan jini ne. Shekara talatin da biyar tana zirga-zirgar asibitin nan, a watan jiya ta yi ritaya. Ba a kafa rumfa ba, ba wanda ya yi jawabi. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dalilin ciyawar nan taubashinta ne, Malam Haliru tela. Shekara uku da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a kan keken ɗinki, baki ya ɗan karkace. Allah ya taƙaita. Likita a Gusau ya ɗora shi kan magani, ya hana shi goro da baƙin shayi mai kauri, ya kuma gaya masa in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. Goro dai ya bari. Shayi kuwa, ina! Kullum bayan la'asar su bakwai suke zama a ƙofar gidan amininsa Malam Sama'ila, wanda shi da kansa yake dafawa har sai ya yi baƙi ƙirin, a zagaya sau uku. A wannan majalisa, ƙin karɓar kofi daga hannun Sama'ila daidai yake da ka ce ba ka yi da shi.

Ran da Haliru ya zo awo, Malama ta dubi na'ura, ta ga jininsa ya hau sosai. Amma da yake wasa ke tsakaninsu, sai ta ce, "Kai bawana, keken ɗinkin nan kake son bar mini gado?"

Ya ce, "Ke dai auna ki ba ni wuri. Mutum shina miƙo min kofi shekara talatin, yau in ce mashi mi?"

Ta koma gida da abin a ranta. Ta tuna kakarta tana jefa ganyen nan a miya, don da zarar ya ji wuta ƙaiƙayin ya mutu. Ta dafa busasshensa da citta da kanumfari, ta tace. Ya fito kore-kore, ta san ba namijin da zai sha. Sai ta soya ƙwallon dabino, ta daka, ta zuba, ya yi duhu. Ta tafasa madarar shanu daban, ta burga da maburgi har kumfa ta taso, ta haɗa, ta ɗiga zuma. Ta cika fulas ta aika wa Haliru, ta ce ya riƙa tafiya da shi.

Nan ta yi kuskure, kuma ita ce farkon mai faɗa. Yana buɗe fulas aka sa masa dariya. Wani ya ce, "Ashe Haliru ba a yaye ka ba?" Sama'ila bai yi dariya ba. Ya dubi fulas ɗin, ya dubi butarsa, ya kau da kai. Daga ranar Haliru ya ɗauke ƙafa. Mako uku yana ƙunshe a ɗaki, abinci sai an yi da gaske, jini kuma bai sauka ba. Malama ta ce a ranta, garin neman gira za a rasa ido.

Wata Asabar da hantsi ta ƙulle ganye da garin ƙwallon dabino, ta ɗauki maburgi, ta yi sallama a zauren Sama'ila. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ban zo raba ka da butarka ba. Mutanen ga hannunka suke sha, ba ganye ba. So nake ka dafa wanga, ka ba kowa."

Ya harzuƙa. "Ni za a koya wa shayi? Madara da kumfa, sai ka ce gidan suna?"

Ta ce, "In ya zo ya sha naka, zai faɗi. In ya zauna gida, baƙin ciki zai kayar da shi. Ko ta ina, Malam, kai ne a gaban makara."

Ya ɗauki maburgin ya jujjuya. Can ya ce, "Madarar, kamu nawa?"

Kwana uku tana koya masa. Ranar farko madara ta kama, ranar biyu citta ta yi yawa har ya yi ta tari yana cewa laifin gawayi ne. A rana ta huɗu ya taka da ƙafarsa ya ɗauko Haliru. Ya jera kofi bakwai, ya cika su da abu ɗaya, ya fara kurɓa a gaban kowa. Mai maganar yaye ya yatsine fuska, Sama'ila ya ce, "Wanda bai so, ga hanya nan." Ba wanda ya tashi. Haliru ya karɓi nasa da hannu biyu, idonsa ya ciko.

Malama ba ta taɓa cewa haɗin nan magani ba ne. Ko yau ta ga Haliru, tambayar farko ita ce, "Ka sha ƙwayarka?" Matan da ke zuwa gidanta koyo kuwa, mai ciki da mai shan wani magani sai ta ce su fara tambayar likita.

Malama Suwaiba, mai hannun sanyi, ke ce kika gane cewa hana mutum abu ba wuya, wuyar ita ce a bar masa mutanensa. Ke ce kika yi kuskure kika koma kika gyara, ba ki ce ai na gaya masa ba. Mun gode. Allah ya sa ki ci gajiyar wannan hutu cikin lafiya, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba.

Mu kuma da muke da mai ciwo a gida, mu ji kunya mu daina tura masa kwanonsa gefe muna cin namu a gabansa. Mu ci irin abin da yake ci, mu sha irin abin da yake sha. Jiya bayan la'asar na wuce ƙofar gidan Sama'ila. Haliru na nan a wurinsa, da zare maƙale a hula, yana ta musu wai kumfar yau ta yi kaɗan.