Malam Habu ba zaman banza yake yi ba

Da safen nan ina cikin ɗaure buhu a bayan babur waya ta shigo: Malam Habu na Madadi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe a tsaye da igiyar a hannuna.

Da yawanku ba ku san shi da wannan suna ba. Taya-ka-wuce kuka sani. Dattijon nan mai tsohuwar hula da ke shiga shagon maganin feshi da iri, ya yi ta tambaya, ya juya kwalba, ya taya, wani lokaci ya sayi ƙarama ɗaya, wani lokaci ya kama gabansa. Daga Gwarzo har Kabo babu mai shagon da bai taɓa yi masa tsaki ba.

Ɗazu a maƙabarta na ji wani a bayana yana cewa, “Allah sarki, har ya koma bai riƙe sana'a ba.”

Maganar nan ce ta sa nake wannan rubutu.

Malam Habu yana da aiki. Wani kamfanin kayan noma ne yake tura shi a ɓoye, ya shiga shago kamar kowane kwastoma, ya duba ko maganin da ake sayar wa manoma na gaskiya ne ko jabu, ko ya yi ekspaya, ko mai shago yana yi wa mutum bayanin yadda ake haɗa shi. Na sani, domin shi ya koya mini, kuma aikin da nake ci da shi ke nan.

Da ya fara yi mini maganar na ce, “Malam, ni fa a firamare na tsaya.” Ya ce, “Nasiru, idonka ma a firamare ya tsaya? Na ga yadda kake kallon mutane a tasha. Shi nake so.”

Ranar farko na zo da sabuwar shadda da turare. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, “Ango, gonar wa za ka fesa a haka? Koma ka sa rigar da ta san ciyawa.”

Shi ya ce mini a garuruwanmu ba a ɓoye fuska, kowa ya san ubanka. Abin da ya kawo ka kawai za ka ɓoye. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya ruwa, ya kasuwa, bakinka na gaisuwa idonka na kan kanta. Kar ka yi tambayar da manomi ba zai yi ba. Kar ka taɓa waya a cikin shago. Sai ka yi nisa, ka samu inuwa, sannan ka tura wa kamfani saƙon murya tun abin yana sabo a kanka.

Akwai wani mai shago wajen Masanawa da ya kore mu da baƙar magana. Raina ya ɓaci, na ce yau sai na kai shi ƙasa a rahoto. Malam ya riƙe hannuna. “Ka ce ya yi zagi, ka kuma ce kayansa masu kyau ne. Duka biyun ka gani. Haushinka ba ya cikin abin da aka aike ka.”

Ganina da shi na ƙarshe a tashar Kabo ne, ana gab da yanke gero. Ya rame, yana tari, amma sai da ya raba gyaɗar hannunsa biyu ya miƙo mini. Na ce, “Malam, sunan nan ba ya yi maka ciwo?” Ya yi dariya ya ce, “Ai sunan ne rigar aikina.”  Can ya ce, “Zainabu ce kawai. Yara na kiranta 'yar Taya-ka-wuce a Islamiyya, ta dawo tana kuka. In na ajiye aikin zan gaya wa kowa, ta ɗaga kanta.”

Bai kai ga ajiyewa ba.

Zainabu autarsa ce. Yau na gan ta a ƙofar gida, kanta a ƙasa.

Na san abin da rubutun nan zai jawo mini. Daga yau duk shagon da na shiga an san abin da ya kawo ni, aikina ya ƙare ke nan. Na kira ogana na gaya masa kafin in fara. Ya ce in sake tunani. Na ce tun daga maƙabarta nake yi.

Zainabu, in wani ya karanta miki wannan: babanki ya sha tsaki ne don kada jabun magani ya ƙona gonar mutane. Akwai masu hatsi a rumbu yau da ba su san da hannunsa a ciki ba. Ki ɗaga kanki.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, musamman ku masu shago, don Allah ku sa shi a addu'a. Kuma ku kira shi da sunansa.