Ranar da Na Tare Likita

Lamba shida nake bugawa a ƙwallo, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Lokacin ina Manchester ina fama da PhD ɗin da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai wani ɗan Brazil da nake mutuwar so, shi ma ɗan tsakiya ne mai tsayawa gaban 'yan baya. Ba ya yanka, ba ya rawa da ƙwallo. Abokaina a wurin kallonmu na unguwar Rusholme cewa suke wannan ai ba ɗan Brazil ba ne, lebura ne. Na ce to, ku bar ni da leburana.

Shekaru ya yi a Ingila yana ƙwato ƙwallo yana miƙa wa masu suna. Ya saka rigar ƙasarsa. Ran da suka yi nasara ba a tuna da shi, ran da aka lallasa su kuwa shi ake rataya wa jakar tsaba. Har ya koma gida ya ajiye takalmi bai sauya hali ba: wanda duk ya taho da ƙwallo zai tare shi, ko ɗan waye. Abin da na ɗauka a wurinsa ke nan, kuma shi ya ja mini.

Duk shekara bayan Babbar Sallah, mu Hausawan Manchester mukan kara da na Birmingham. Wannan wasan shi ne numfashina, don in ka cire shi ba ni da komai sai lab, ɗakin bincikenmu, da bas ɗin Oxford Road. A shekarar da aka fara saka ni, 'yan Birmingham ne masu masauki, a wani fili kusa da unguwar Balsall Heath. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ciyawa ta kai idon sawu, ɗakin canza kaya a garƙame, a cikin motoci muka saka riguna.

A hanya kyaftin ɗinmu, wani akanta, ya ja mini kunne. A ɓangarensu akwai Likita, babban consultant a asibiti, ya ba hamsin baya. Shi ke karɓar baƙo, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke buga lamba goma. Ba a taɓa shi. In ya ɗauko ƙwallo sai a dare masa, gola ya faɗi ɓangaren da ba ta nufa ba.

"Ka taɓa shi, ka gama buga mana," in ji kyaftin.

"Ƙwallo za mu je ko gaisuwar surukai?"

"Na dai faɗa maka."

Ana ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, sai ga Likita ya taho yana haki. Ina gani 'yan bayanmu suka fara ja gefe. Wallahi raina ya ɓaci. Tun Manchester muka taso, mun sha gudu ƙafafu sun yi tsami, don a yi wa mutum kyautar wasa? Na zube ƙasa na share ƙwallon tas daga ƙafarsa. Ƙwallo na taɓa, Allah shaida. Amma Likita ya tafi da baya, tim, tabarau ya yi nasa wuri.

"Innalillahi!" wani ya ce. Alƙalin wasa, wanda ɗan'uwan matar Likitan ne, ya manta da usur ɗinsa. Har da 'yan ƙungiyarmu a masu zagina: mara kunya, mara tarbiyya, ɗan wa ne wannan?

Da aka tashi aka shimfiɗa tabarmi ana cin shinkafa da naman Sallah, kyaftin ya ja hannuna har gabansa. Na durƙusa, don ba a daji aka raine ni ba.

"Baba, sannu. Allah ya sa ba ka ji ciwo ba."

"Ba shi haƙuri," in ji kyaftin.

"Na gaishe shi. Haƙuri kuma na mai laifi ne."

Likita yana goge tabarau da gefen rigarsa. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa iya ƙwace masa ƙwallo sai yau. Ya dubi golanmu, golan ya sunkuyar da kai cikin faranti. Ya dubi kyaftin. Sannan ya dube ni.

"Ɗana, gaya mini gaskiya."

"Bar maka ake yi, Baba."

Likita ya cire rigar mai lamba goma, ya ninke ta a hankali, ya ɗora a gwiwa. Nan ne kawai na ji tausayinsa, don dattijon yana son ƙwallo da gaske, kuma mu duka mun mayar da shi abin lallaɓawa.

Kafin mu iso Manchester an cire ni daga group ɗin ƙungiyar a waya. Shekara ta zagayo, ina ɗaki na ga hotunan wasan: ba ni, ba Likita. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Mukan haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki. Ban ba shi haƙuri ba har yau, shi ma bai taɓa nema ba.