Lambar da Na Rubuta da Jan Fenti

Da aka gama madatsar Goronyo, rani ya daina zama lokacin zaman banza a garinmu. Gulbi ya daina ƙafewa, mutane suka jingine jigo suka koma injin ban ruwa, ɗan ƙaramin nan da mutum biyu ke ɗauka. Albasa, tafarnuwa, alkama, fadama ta yi kore shar. Sai dai ba kowa ke da inji ba. A layinmu na bakin gulbi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, gonaki kuwa sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshensu ba.

Don haka aka samu wata hanya wadda ba wanda ya zauna ya tsara ta. In mai inji ya gama ban ruwa, sai ya bar shi a gindin wani tsohon mangwaro. Wanda shukarsa ta ji ƙishi ya zo ya ɗauka, ba sai ya nemi izini ba, ya kafa hauyarsa a gurbin. Kowa ya san ƙotar hauyar kowa kamar yadda ya san fuskar ɗansa. Mai inji in ya zo ya ga hauya, ya san inda kayansa suke. Man fetur, kai za ka zuba. In kuma inji ya lalace a hannunka, kai za ka kai shi gyara.

Ana nan sai ɓarayi suka gano mu. Ɓarayi na gaske, masu zuwa da mota, waɗanda ba sa barin hauya. Injuna suka fara ɓacewa daga nan har wajen Rabah, hankalin kowa ya tashi.

A lokacin ne sabon shugaban ’yan sandan yankinmu ya kira taro a filin makarantar firamare inda nake koyarwa. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, mutumin kirki ne. Ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su. Ya yi maganar hular kwano ga masu babur, da motocin albasa da ake labta wa kaya har su karkace. Sannan ya zo kan injuna. Ya ce a rubuta wa kowane inji lamba da jan fenti, a sa lambar da sunan mai shi a littafin ofis. Duk wanda aka tare a titi da injin da ba sunansa ba, a riƙe shi sai mai kaya ya zo da ƙafarsa.

Da aka ce wa ke da hannu mai kyau, ban bari an rufe baki ba na miƙe. Ina da girman kai da rubutuna a lokacin, in na ja bakwai a allo har tsayawa nake in kalle ta. Ni na karanta wa jama’a dokar da ƙarfi, ni aka miƙa wa gwangwanin fenti da littafin.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a gefen tabarma. Ba shi da inji, bai kuma taɓa mallakar ko babur ba. Shi ke ba mutane sallar azahar a fadama, don shi ne wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya ɗaga hannu a hankali.

“To mu masu kahwa hauya hwa, mi za a yi da mu?”

Ni na amsa, ba ɗan sandan ba. Na ce, “Haba Kawu, wanga don ɓarayi na, ba don ku ba.” Mutane suka yi dariya, shi ma ya murmusa ya sauke hannu. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan cikin sauƙi, raina sai ya ɓaci da kaina.

Ba a yi wata biyu ba, Kawu ya ɗauki injin amininsa, wanda suka yi karatun allo tare, ya kafa hauya kamar kullum. Yana cikin ban ruwa injin ya yi tari ya mutu. Amini ya tafi Sakkwato jinyar matarsa, zamanin kuma ba waya a aljihu. Kawu ya yi abin da kowa zai yi: ya ɗaure inji a bayan babur ɗin haya, ya nufi Achida wurin mai gyara. A hanya suka iske shingen ’yan sanda ana duba hular kwano. Aka ga jan fenti, aka buɗe littafi, suna bai zo daidai ba.

Ranar kasuwa ce. A bayan buɗaɗɗiyar mota aka ɗora shi, inji a gabansa, aka ratsa da shi ta tsakiyar masu saye da sayarwa. Wasu sun san shi suka kau da kai. Wasu ba su san shi ba, suka yi ta nunawa suna cewa an kama ɓarawon inji.

Labari ya same ni ina aji. Na bar alli a ƙasa, na biya ta fadama na tuge hauyar daga gindin mangwaro, na hau keke. A tunanina shaida ce na ɗauko wadda ba mai musunta.

Shugaban ba ya nan, an kira shi birni. Wani sajan na tarar a kan kanta, mai furfura, ba ɗan yankinmu ba. Na ɗora masa hauya a kan tebur, na yi masa bayani tun daga mangwaro har ƙota. Bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da na samu wanda zan huce a kansa. Ya juya hauyar, ya duba gaba da baya.

“Malam, na ji ka. Amma ina lamba a jikin wannan?”

Na ce hauya ba ta da lamba, kowa ya san ta.

“Ni ban san ta ba,” in ji shi. Ya juyo mini da littafi. “Wannan rubutun wa ne? Ba kai ka karanta mana cewa sai mai kaya ya zo da ƙafarsa ba? In na sake shi yau don hauya, gobe ɓarawo zai zo mini da tasa.”

Na ɗauki hauyar na fita. Na kawo mai unguwa, na kawo liman, na kawo ɗan mai injin, duk aka ba su kujera aka kuma ba su amsa ɗaya. Na hau motar Sakkwato na bi asibiti ɗaki ɗaki, aka ce an mayar da matar wani wuri. Sai a rana ta uku na samo aminin Kawu. Ya bar mara lafiya ya biyo ni, yana ta salati a mota, ya ƙi haɗa ido da ni. Ina ganin ya san wanda ya riƙe gwangwanin.

Da aka fito da Kawu, shugaban ya dawo. Ya ba shi haƙuri da hannu biyu, har ya ce a kai shi gida da mota. Kawu ya dubi motar ya ce ya gode, zai taka.

Ba wanda ya ce masa ɓarawo a garinmu, ko da wasa. Amma ranar da ya koma fadama aka tada sallar azahar, sai ya tsaya a sahun baya. Aka yi, aka yi, ya ce wanda ya kwana bayan kanta ba ya shiga gaban mutane. Bai ƙara taɓa injin kowa ba. Ya gyara tsohon jigonsa, ya rage gonar ta koma ’yan fangaloli, yana ɗibar ruwa guga guga alhali injuna na ruri hagu da dama. Sauran mutane ma tsoro ya kama su. Masu inji suka sayo sarƙa da kwaɗo, marasa shi suka koyi zuwa ƙofar gida su yi sallama su roƙa. Ɓarayi kuwa ba su fasa ba, ashe jan fenti da ɗan kananzir yake fita.

Na je na ba shi haƙuri ya fi sau nawa. Kullum sai ya ce ba komai, ya tambaye ni makaranta. Na fi son ya zage ni, amma bai iya ba.

Wata safiya, bayan an cire albasa, na ji sallamarsa a zaure. Na fito na same shi tsaye da hauyar nan a hannu. Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

“Akwai sauran hwentin nan naka?”

Na ce akwai, ya ɗan bushe. Ya miƙo mini ƙotar, wadda tafin hannunsa ya goge har tana sheƙi.

“Rubuta mani lamba ga wagga. Gobe ina zuwa Achida wurin maƙeri, titi za ni bi.”

Na dubi fuskarsa ko gatse yake yi mini. Babu gatse, da gaske yake. Na shiga ciki na ɗauko gwangwani, na zuba masa kananzir na dama. Ya riƙe mini ƙotar da hannu biyu don kada ta motsa, na rubuta. Ban taɓa yin mummunan rubutu irin na ranar ba.