Ranar da aka ce in kunna kwamfutar ofis

"To, mai satifiket, taho ka tada muna ita."

Shugaban sashenmu ne ya faɗi haka, ranar da aka kawo kwamfutar farko ofishinmu a Gummi, farkon shekarun dubu biyu. Lokacin ina aikin tafireta. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa don kar ƙura ta lalata ta, ni ake jira.

Wata shida na yi ina zarya Sakkwato duk Asabar ina kwas ɗin kwamfuta don takardar nan, saboda an ce sai da ita za a ƙara mini girma. Amma mu arba'in ne a kan kwamfuta biyu, kuma kullum a kunne muke tarar da su. Malam ba ya bari kowa ya taɓa makunnin.

Na duba gaba, na leƙa baya, ban gane makunnin ba.

Shugaba ya ce, "Wai mi kake biɗa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, namu na makaranta kunne muka iske su kullum."

Mai gyaran janareto ne ya miƙo yatsa ya danna.

Ƙarin girman ya zo, kuma takardar ce ta kawo shi, ba na musu. Amma shekara guda na yi gabana yana faɗuwa duk aka kira sunana.

Jiya ɗiyata ta ce za ta shiga kwas ɗin satifiket na kwamfuta, tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Ku ba ni shawara: in ce ta je, ko in fara tambaya wa ke kunna musu injin?