Ranar da Na Amsa wa Sojan Japan Sallama

Sonafur

Da sunan Allah na bar masaukinmu na ma'aikata a Sonafur, nan ƙasar Larabawa, bayan sallar Asuba, ranar Asabar. Awudu, ɗan Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya sami aikin tsaron ƙofa a wani ƙaramin gidan sinima mai nuna tsofaffin finafinan Japan na bayan yaƙin duniya. Yana watan gwaji, aikinsa kuwa hana surutu. Ya samo mini tikiti, amma da sharaɗi.

"Malam, na san ka. Ko mai karanta labarai a talabijin ba ka bari sai ka tanka masa. Ka yi magana a can, shi ke nan, aikina da bizata sun tafi."

Na ɗauki alkawari.

Satwa

Bas ta kai ni Rashidiya, na hau jirgin ƙasa, na ƙarasa Satwa a ƙafa. Na karya da wata gurasa da suke kira farata, da shayin karak mai madara da kayan ƙamshi. Nan na fara gwada shirun. Mai shayi ya gaishe ni, na gyaɗa kai kawai, sai ya ƙara mini citta, wai maƙogwaro ke damuna.

Alkuz

Daga Satwa na hau tasi zuwa Alkuz. Direban, Bafakistane, ya yi ta zagaya manyan sito-sito yana tambayata: "Hajji, sinima a sito?" A siton kuwa yake.

Fim ɗin baƙi da fari ne, da fassarar Larabci a ƙasa. Jama'a, mutanen nan kamar namu! Su tuɓe takalmi, su zauna a tabarma, su durƙusa su gaisa. Yaƙi ya cinye garinsu, mata na ba da tufafinsu a ba su shinkafa. Babban ɗan wasan ramamme ne, girarsa ta fi bakinsa aiki.

Shi ya fito a matsayin wani soja da aka ɗauka ya mutu. Ya tsaya a ƙofar gidansu ya ce, "Na dawo." Uwarsa na ciki, ta kasa ko motsi. Ya sake faɗa. Na ciji leɓe. Yaro a tsaye, ba mai amsawa! A ta uku na ji muryata ta cika ɗakin:

"Maraba! Shigo, ɗan nan!"

Tocilar Awudu ta dallare mini fuska, manaja a bayansa. Sai wata tsohuwa 'yar Japan da ke gefena ta ɗaga murya, ta amsa wa sojan da harshensu. Wasu tsofaffi biyu suka bi ta.

Da aka tashi ta yi wa manaja bayani da Turanci, Awudu na fassara mini a kunne. Wai tana yarinya, a garinsu haka 'yan kallo ke yi, don kowa na da wanda yake jira. Ita mahaifinta take jira, bai dawo ba.

Manaja ya yi ta sosa ƙeya. Ashe ita ta ara musu finafinan, wa zai kora? Ya yanke cewa Awudu na nan a aikinsa, ni kuma in na sake zuwa, kusa da ita za a zaunar da ni.

Komawa

A bas Awudu ya ce, "Malam, ka tsufar da ni yau."

Muka iso Sonafur da la'asar, lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga tsohuwar nan, Allah ya saka mata da alheri.