Kwalaben da Na Dirje da Toka

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Abin da zan faɗa, da hannuna na yi shi.

Shekarar da 'yan bindiga suka kore mu daga garinmu, da ƙafa muka iso Damare, ni da jikoki uku. Ubansu bai fito ba. Da zaman sansani ya ishe ni, na samu aikin wanke-wanke a wani ɗakin gwajin jini a Jimeta. Aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne rufin kanmu.

Mai gwajin wata 'yar Numan ce. Ina ce mata Madam, tana ce mini Dada. Kwalabe nake wankewa, sirara, kaurin yatsa. Wata safiya na tarar da wasu a kwando daban. Na zura ƙaramin yatsa, na ji santsi kamar kuɓewa. Na ce, ƙazanta, ina nan da raina? Na zo da toka daga gida, na dirje su tas, na mayar kwandonsu.

A cikinsu aka auna jinin wata malamar makaranta daga Demsawo, mai yawan suma. Takarda ta ce lafiyarta lau, aka sallame ta. Ba a yi mako ba ta faɗi a gaban allo.

Madam ta ɗaga kwalba ɗaya a haske, ta shafa cikinta.

"Dada, me kika yi musu?"

"Na wanke."

"Wayyo, Dada! Insulin ɗin da muke aunawa, mai sauke sugan jini, manne wa gilashi yake yi. Na roba sun ƙare, shi ya sa na shafe waɗannan da magani. Kin kankare! Insulin ya yi wa matar nan yawa a jini, amma kwalba ta riƙe shi, gwaji bai nuna ba."

"'Yar nan, da kin faɗa mini."

"Ai na rubuta a kwandon."

Ta rubuta, gaskiya ne. Ita ce kuma ke karanta mini saƙo a wayata kullum, don ban iya karatu ba.

Likita mai wurin ko kallona bai yi ba. Ya ce in ajiye safar hannu in tafi.

Malamar, an yi mata aiki a wani asibiti, ta tashi, ta koma aji. Madam yanzu ita ce babba a wurin. Likita ya ƙara bene. Babbar jikata ta bar makaranta a shekarar, ta bi ni gonar mutane a Damare, ba ta koma ba. Ni kuwa ciwon suga ya kama ni. Safe da yamma jikar nan ke yi mini allurar insulin, ita ke karanta abin da ke jikin kwalbar.